Me ya sa kujerar Ilhan Omar ba ta kuɓuce wa jam'iyyarta?

Tambaya: Duk lokacin zaɓen Amurka nakan ji ana cewa wannan karon za a kayar da Ilhan Omar, 'yar Majalisar Wakilai Musulma 'yar asalin Somaliya, sai kuma ta dawo majalisa. Shin yawan Musulmi da 'yan Somaliya ne a mazaɓarta ke ba ta nasara?

Amsa: Malam, ƙuri'ar 'yan Somaliya na taimaka mata, amma ba ita ce ta riƙe kujerar ba. Mazaɓa ta 5 a jihar Minesota ta haɗa birnin Miniyafolis kaf da wasu garuruwan gefensa, kuma Turawa ne mafi rinjaye a cikinta. Akwai 'yan Somaliya da yawa, musamman a unguwar Cedar-Riverside, sai dai su kaɗai ba za su iya kai mutum Majalisar Wakilai ba.

Kujerar tana hannun Dimokurat tun kafin a haifi Ilhan. Ɗan Rifablikan na ƙarshe da ya zauna kanta shi ne Walter Judd, wanda Donald Fraser ya kayar a 1962. Fraser ya riƙe ta har 1979, Martin Sabo ya karɓa ya yi shekara 28, sannan Keith Ellison ya ci zaɓen 2006, ya zama Musulmi na farko a majalisar dokokin tarayyar Amurka. Da Ellison ya tafi neman muƙamin antoni janar na jiha a 2018, Ilhan ta gaje shi da kusan kashi 78 cikin ɗari na ƙuri'u. Mutum huɗu ke nan cikin shekara sittin da ɗoriya, duk jam'iyya ɗaya, wadda a Minesota ake kira DFL tun haɗewar Dimokurat da jam'iyyar manoma da ma'aikata a 1944.

Sau da yawa irin wannan tabbaci kan samo asali ne daga maguɗin shata iyaka, inda jam'iyya mai mulki ke yanka taswira yadda za ta amfane ta. A nan ba haka ba ne, domin kwamitin alƙalai ne ya zana taswirar da ake aiki da ita tun 2022. Mazauna birnin ne kawai suka karkata gefe guda: 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, ɗalibai da malaman jami'a, baƙaƙen fata, baƙin haure da suka zama 'yan ƙasa. A 2020 ɗan takarar Rifablikan, Lacy Johnson, ya tara miliyoyin daloli, akasari daga wajen jihar, amma bai wuce kusan kashi 26 ba.

To ina haɗarin yake? Yana cikin gida, a zaɓen fid da gwani na watan Agusta. A mazaɓa irin wannan, wanda ya samu tikitin DFL ya riga ya ci zaɓen Nuwamba, don haka duk mai son kujerar da gaske a nan yake zuba ƙarfinsa. Masu fitowa a Agusta kuma ba su kai na Nuwamba ba ko kusa, ƙuri'a dubu kaɗan na iya juya lamari. Ga wani abu da masu sharhi kan manta: Minesota ba ta rajistar masu zaɓe bisa jam'iyya, kowa na iya zaɓar ɓangaren da zai kaɗa wa a fid da gwani, muddin ya tsaya a jam'iyya ɗaya. Wanda bai son Ilhan, ko da ba ɗan DFL ba ne, yana da damar shiga.

A 2020 Antone Melton-Meaux ya ƙalubalance ta da kuɗi masu yawa, ta doke shi da kusan kashi 58 da 39. A 2022 ne ta sha da ƙyar. Don Samuels, tsohon kansila a Miniyafolis, ya gina yaƙin neman zaɓensa kan tsaro. Bayan kisan da wani ɗan sanda ya yi wa George Floyd, wani baƙar fata, a birnin a 2020, Ilhan ta goyi bayan a maye gurbin rundunar 'yan sandan birnin da sabuwar hukuma, shawarar da masu zaɓe suka yi watsi da ita a 2021, kuma Samuels na cikin waɗanda suka yaƙi shawarar. Tazarar da ta raba su ba ta kai ƙuri'a 2,500 ba. A ganina sakaci ne ya kusa cin ta, don ta raina karawar, ba ta kashe abin kirki a talla ba. Da suka sake haɗuwa a 2024 ta shirya sosai, ta samu kusan kashi 56, shi kuma 43.

Akwai ma'auni guda da ya kamata ka riƙa dubawa, wato bambanci tsakanin ƙuri'arta da ta ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarta. A 2020 Joe Biden ya samu kusan kashi 80 a mazaɓar, ita kuma 64. Dubban 'yan Dimokurat ne suka zaɓi Biden suka tsallake ta, kuma su ne jarin duk wanda zai fito mata a zaɓen fid da gwani na gaba.