Wuƙar aljihu mai bakin doro: kada ka kai ta wurin mai injin washi

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da na fahimta daga tambayarka shi ne, an kawo maka tsarabar wuƙar aljihu mai naɗewa daga waje, mai tsada, wadda bakinta ba shi da ɗan layin washin nan da ake gani a sauran wuƙaƙe. Ka feɗe raguna biyu da ita da Babbar Sallah ta dakushe, ka goga ta a dutse, gefenta ya kakkarce amma kaifi bai dawo ba, shi ne kake shawarar ko ka tafi da ita wurin masu injin washi ranar kasuwar Maigatari.

Kada ka kai. Injin nan na adda ne da gatari da wuƙar yankan kara. Dutsensa yana juyawa da gudu, bakin wuƙa kuma siriri ne, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya ɗauki zafin da zai sassauta taurin ƙarfen. Idan ka ga bakin ya yi ruwan ɗorawa ko shuɗi bayan an ɗago shi daga inji, to wurin ya ƙone, kuma ba zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye duk inda ya ƙonen. Ban da wannan, injin zai share siffar da saboda ita wuƙar ta yi tsada.

Siffar ita ce doro. Ɗauki wuƙar kicin ka duba, za ka ga gefenta a miƙe yake, sai can ƙasa wani siririn layi mai ƙyalli inda aka wasa. Taka kuwa ƙarfen yana gangarowa ne a lanƙwashe tun daga sama har baki, babu kwana, kamar bakin gatarin da maƙeri ya gyara da hannu, ko kamar ka tsaga ƙwallon dabino ka kalle shi ta kai. Amfaninsa biyu ne: akwai nama a bayan kaifin da ke tokare shi, don haka ba ya saurin ɓallewa, sannan babu kafaɗar da za ta maƙale a cikin abin da ake yanka, shi ya sa take ratsa fata da rake da icce kamar ana ja mata hanya. Kamfanin Fällkniven na Suwidin da Rockstead na Japan sun yi suna da irin wannan baki, haka ma Opinel ta Faransa, wadda ake ƙerawa tun 1890, duk da ita ba ta da tsada.

Yanzu me ya faru a kan dutsenka? Ɗayan biyu ne. Ko dai ka kwantar da wuƙar sosai, dutsen ya yi ta cin tudun doron bai taɓa isa bakin ba, wanda shi ne ya fi dacewa da karcewar da ka ambata. Ko kuma ka ɗaga ta da yawa ka yi mata sabon baki mai kauri. Duk biyun suna gyaruwa. Karcewar gefe kuwa kyau kawai ta rage, ba ta rage aiki ba.

Kafin ka taɓa komai, fita rana ka juyo bakin wuƙar sama yana fuskantarka. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli, ba shi da faɗin da zai maido haske. Duk inda ka ga farin zare yana walƙiya, nan ne ya kwanta. Sannan ka ja bakin a hankali a kan farcen babban yatsa ko gefen murfin biro: inda ya yi tsalle, akwai giɓi. Idan ƙyalli ne kawai babu giɓi, wataƙila fatar washi irin ta wanzami kaɗai za ta ishe ka. Idan akwai giɓi ko dakushewar ta yi nisa, sai samfefa.

Kayan aikin ba masu tsada ba ne. Nemi baƙar samfefa mai shan ruwa irin ta masu fentin mota, lamba 400, 800, 1200 da 2000. Masu sayar da kayan fenti a Kano suna da ita, a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Jar samfefar kafintoci ba za ta yi ba, yashinta zubewa yake. Sai abin shimfiɗa mai ɗan taushi, domin shi ne zai lotsa ya bi doron. A waje suna amfani da shimfiɗar roba ta linzamin kwamfuta. A nan tafin silifa mai santsi wanda ba shi da zane yana yi, matuƙar yana da tauri: danna shi da babban yatsa, in yatsan ya nutse, ya yi laushi da yawa. Ni dai na fi yarda da kirgi mai kaurin milimita 2 zuwa 3 da aka manna a kan katako, don ya fi yafe kuskuren hannu. Ka sa baduku ya yanko maka guda biyu, tsawon santimita 25, faɗin 6, ka manna su da gam ɗin takalmi a kan katako mai lebur. Ɗaya na ɗora samfefa, ɗaya na gogewar ƙarshe. Sai alƙalamin maka mai baƙar tawada, da salatif.

Buɗe wuƙar, ka tabbata makullinta ya kama. Naɗe gaɓar da take juyawa da salatif, don garin samfefa idan ya shiga nan, sai ka ji tana ƙurus-ƙurus duk lokacin da ka buɗe. In kana son gefen ya tsira da ƙyallinsa, rufe shi ma, ka bar milimita 4 zuwa 5 daga baki. Sannan ka shafe wurin da ka bari da maka, gefe biyu.

Ana ja ne da baya, gadon bayan wuƙar a gaba, kaifin yana bin sa, yadda wanzami yake yi wa aska a kan fata. In ka tura kaifin gaba, zai yanke samfefar har da fatar. Kwantar da ruwan wuƙar, sannan ka ɗaga gadon bayan kaɗan. Idan faɗin ruwan ya kai santimita 2 da rabi, ɗagawar milimita 5 zuwa 6 ta isa, wato kamar tsinken ashana uku a ɗora kan juna. Wannan ya faɗa tsakanin digiri 12 da 14, kuma lotsawar shimfiɗar za ta ƙara sauran. Ja sau uku ka duba tawadar. Idan ta goge a sama amma akwai baƙin zare a can baki, ba ka kai ba, ƙara ɗagawa kaɗan. Idan bakin kaɗai ya goge siriri, sama na nan baƙi, to ɗagawar ta yi yawa. Abin da ake nema shi ne tawadar ta tafi daga baki zuwa milimita 2 ko 3 a sama, bai ɗaya tun daga gindi har tsini.

A nan ne yawancin mutane suke ɓata aikin, kuma ba kwanar ɗagawa ce ke kayar da su ba, nauyin hannu ne. Shimfiɗa mai taushi idan ka danne ta, lotsawa take ta tashi ta naɗo bakin, samfefar ta koma tana cin kaifin da kansa. Sakamakon shi ne wuƙa mai ƙyalli kamar madubi wadda ba ta iya yanka tumatir. Mutum sai ya ɗauka bai goga sosai ba ne, ya ƙara ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Nauyin da ake so bai wuce na wuƙar da yatsu biyu a kwance a kanta ba. Idan farcenka ya yi fari saboda dannawa, ka wuce gona da iri. Kuskure na biyu yana ƙarshen ja: hannu yana son ya murɗa ya ɗago gadon baya kafin wuƙar ta bar samfefa, kamar mai shafa man shanu a burodi. Murɗawa ɗaya tana iya rushe ja goma. Ka tsaya cak, ka ɗaga wuƙar sama a miƙe, ka dawo farko. Wurin lanƙwasar ciki zuwa tsini kuma, ɗan ɗaga mariƙin sama yayin da kake ja, in ba haka ba tsinin ba zai taɓa samfefa ba. Amma kada tsinin ya zame ya faɗa gefen katako, nan take zai dunƙule.

Fara da 800 idan babu giɓi, da 400 idan akwai. Yayyafa ruwa kaɗan. Yi ja 10 zuwa 15 a gefe ɗaya, sannan ka shafa yatsa daga gadon baya zuwa baki a ɗaya gefen, ba tare da bin tsawon kaifin ba. Za ka ji wani ɗan leɓe na ƙarfe yana kama fatar yatsa. Wannan leɓen shi ne shaidar ka isa baki. Sai ya fito tun daga gindi har tsini kafin ka juya ka yi wa ɗaya gefen adadin ja iri ɗaya. Wanda ya haye zuwa lamba ta gaba leɓe bai fito ba, goge dakushewa kawai yake. Daga 1200 zuwa 2000 ba cin ƙarfe ake ba, share sawun ta baya ake: ja 15 zuwa 20 kowane gefe, kana rage nauyi, na ƙarshe kuma ɗaya nan ɗaya can. Goge ruwan wuƙar da tsumma kafin kowace sabuwar lamba, ƙwayar yashin 400 guda ɗaya ta isa ta zana layi a aikin 2000.

Sai fata. Shafa mata koren sabulun goge ƙarfe, ko man goge ƙarfe irin Autosol, shafawa ɗaya siririya yadda har yanzu kana ganin launin fatar a ƙasa. In ya yi kauri, santsi kawai zai yi. Ja 20 zuwa 30 kowane gefe, ɗagawa iri ɗaya da ta samfefa, hannu ya fi na ɗazu sauƙi. Fatar za ta yi baƙi, ƙarfe ne take ɗebewa, alama ce mai kyau. Gwada da takardar jarida a tsaye da gashin hannu. In tana aske gefe ɗaya ta ƙi ɗayan, sauran leɓe ne ya rage, koma 2000 ka yi ja biyar marasa nauyi a gefen da ya lanƙwasa.

Duba rubutun da ke gindin ruwan wuƙar, sunan ƙarfen yana nan. VG10 da 12C27 suna bin samfefa ba gardama. S30V, M390 da S90V suna da sinadarin banadiyam mai taurin gaske, samfefa tana cin su amma a hankali kuma tana saurin mutuwa, koren sabulu ma bai cika tasiri a kansu ba. Man goge ƙarfe mai garin daimon, lamba 3 da 1, ya fi dacewa. ZDP-189 da Rockstead ke amfani da shi yana kai taurin 67 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rokwel, alhali wuƙar kicin ta gama-gari ba ta cika wuce 56 ba. Ƙarfe mai tauri irin ZDP-189 ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake, kuma yana iya yin tsatsa idan aka bar jini ko ruwan lemon tsami a kansa. In irin wannan ce a hannunka, fata kawai za ka riƙa yi mata, samfefa sai dole ta kama. Kuma ko wace iri ce, ka fara koyon hannu a kan wuƙa mai araha ta kasuwa tukuna.

Game da fiɗa, ba naman ne ya dakusar da ita ba, yashin da ke cikin gashin ragon ne, da karo da ƙashi, da kuma yanka a kan faranti ko daɓen siminti. Tsaga fatar daga ciki zuwa waje, kaifi yana kallon sama, don kada ya bi ta cikin gashi. Gaɓoɓi a bi jijiya, ƙashi a bar wa gatari. Ajiye fatar washin kusa, bayan kowane rago ka yi ja goma kowane gefe. Wanda ke yin haka zai iya shekara bai nemi samfefa ba. Yankan ragon kansa kuma ba aikinta ba ne. Ruwan santimita 8 ko 9 ya yi gajere ga wuyan rago, ga gaɓa da za ta iya naɗewa idan dabba ta fizge. Shari'a ta ce a kaifafa wuƙa a hutar da abin yanka, to doguwar wuƙar mahauta ce ke cika wannan.

Bayan aiki, wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ka sa tsohon buroshin haƙori a cikin gaɓar da ramin da ruwan yake kwanciya, don kitse yana daskarewa a nan ya hana makulli kamawa sosai, wanda shi ne ke naɗe wuƙa a kan yatsu. Busar da ita a buɗe a inuwa, sannan ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a gaɓar, ka goge abin da ya malalo. Kada ka sa man gyaɗa ko manja, danƙo suke yi su yi wari. Da hunturu rage man ma, ƙura tana manne masa ta zama kamar samfefa, musamman a wuƙaƙen da gaɓarsu ke juyawa a kan 'yan ƙananan boris. Da damina mai mariƙin katako irin Opinel kumbura take ta ƙi buɗuwa. Buga ƙarshen mariƙin a kan benci, ruwan zai leƙo. Idan ruwan ya fara rawa hagu da dama, ƙusar gaɓar ce ta saki, kuma yawanci mai kan tauraro ce, lamba T8 ko T10. Masu gyaran waya suna da irin sukudireban, amma a tabbata lambar ta zauna daidai kafin a murɗa, a ɗaure kaɗan-kaɗan ana gwada buɗewa, har rawar ta tsaya ruwan kuma yana zaune a tsakiyar mariƙi idan an naɗe.