Hukuncin koyar da waƙar attajirin da ya kashe kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar adabin Turanci ce a wata makarantar 'yan mata a cikin birnin Katsina. Na koya wa 'yan aji biyar waƙar Richard Cory, ta attajirin da kowa ke sha'awa amma ya kashe kansa, na ce musu darasinta shi ne kuɗi ba ya kawo kwanciyar hankali. Wani abokin aikina ya ce haramun ne a koyar da ita, har ya gaya wa yaran duk wanda ya kashe kansa ya fita daga Musulunci, ba a yi masa salla. Tun ranar wata yarinya 'yar gidan masu hali, wadda yayanta ya rasu bara ana ta ƙus-ƙus kan mutuwar, ta daina magana a aji. Na yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, a kan waƙa kika yi tambaya, amma yarinyar nan da kika ambata a ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. Bari in sallami maganar waƙar tukuna.

Koyar da ita halal ne. Manzon Allah (SAW) ya sa an karanto masa baitocin Umayya ɗan Abis Salti har ɗari, shi kuwa Umayya bai musulunta ba. Sharhin waƙa ma ba baƙon ilimi ba ne a garin da Wali Ɗan Masani ya yi wa Ishiriniya sharhi. Sharaɗin kawai kada a ƙawata wa yara kisan kai, waƙar kuma ba ta ƙawata shi ba.

Inda zan ja ki shi ne fassarar da kika yi mata. Edwin Arlington Robinson, Ba'amurke, ya fitar da ita a 1897, 'yar ƙwar huɗu ce, baiti 4, ɗango 16, kuma babu ɗango ko ɗaya da ya faɗi dalilin mutuwar mutumin. Masu ba da labarin talakawa ne da ke tsaye bakin hanya suna kallonsa in ya shigo gari. Sun san shigarsa, sun san yadda yake gaida mutane da mutunci, suna kwana ba nama suna tsine wa burodin da suke ci, suna fatan da su ne shi. Ba wanda ya san abin da ke cinsa. Ashe masu kallon ne waƙar ta tona wa asiri. Sun yi kama da waɗanda suka ga Ƙaruna ya fito cikin adonsa suka ce ina ma su ne, sai dai shi wannan ba a nuna shi da girman kan Ƙaruna ba. In kika ce kuɗin ne ya kashe shi, kin ƙara wa waƙar abin da ba ta ce ba, kin kuma saɓa wa faɗin Annabi (SAW) ga Amru ɗan Asi cewa madalla da dukiya ta gari a hannun mutumin kirki. 'Yar talaka za ta koyi lallashin kanta da fatan masu kuɗi na cikin wuya, ita kuwa wadda ake kawowa a mota ta ji kamar gidansu ake nunawa.

To, maganar abokin aikinki. Kisan kai babban zunubi ne, ba mai ja. Amma kafirta Musulmin da ya yi shi kuskure ne, kuma ba ƙarami ba. Na san hujjarsa: hadisin da ya ce wanda ya kashe kansa da wani abu za a yi ta azabtar da shi da abin a wuta yana dawwama, da hadisin Jabir ɗan Samura cewa an kawo gawar wani da ya kashe kansa, Annabi (SAW) bai yi masa salla ba. Na farkon malaman Sunna sun ɗora shi a kan wanda ya halatta wa kansa aikin, ko a kan daɗewa mai tsawo, domin Allah ya faɗa a Suratun Nisa'i cewa shirka ce ba ya gafartawa, abin da bai kai ta ba yana gafarta wa wanda ya so. Na biyun kuwa, Annabi (SAW) janye jikinsa ya yi don tsoratarwa, bai hana sahabbai ba, kamar yadda da farko ya janye daga sallar wanda ya mutu da bashi ya ce su yi wa ɗan'uwansu salla. Mai bashi kafiri ne? Sannan ya zai yi da hadisin Ɗufailu ɗan Amru a Sahihu Muslim? Mutumin da ya yi hijira tare da shi ciwo ya gallabe shi a Madina, ya ji wa hannuwansa rauni har ya mutu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa, sai hannuwan a lulluɓe. Da ya ba da labari, Annabi (SAW) ya roƙi Allah ya gafarta wa hannuwan ma. Ba a nema wa kafiri gafara. An ruwaito Umar ɗan Abdul'aziz da Auza'i sun hana yi masa salla, gaskiya ne, amma jamhuru, wato mafi yawan malamai, sun saɓa musu, Imamu Malik da muke bi a ƙasar nan yana cikinsu. Wanda kuma ciwon ƙwaƙwalwa ya gusar wa hankali, an ɗauke masa alƙalami. Shi malamin ya san halin da yayan yarinyar yake ciki? Ya ma tabbata haka aka yi, ko ƙus-ƙus ɗin gari ne? Ki same shi a ɓoye ki nuna masa wannan; a gaban yara ya faɗa, a gabansu ya kamata ya gyara.

Ga abin da ya sauya hukuncin a wurinki: tunda kin san tana ajin, ci gaba da tattauna ɗangon ƙarshe na waƙar, inda mutumin ya kashe kansa, a gabanta ba tare da kin fara zama da ita ba cutarwa ce, cutarwa kuwa haramun ce. Na baya da ba ki yi nufi ba, ba laifi a kanki. Ki kira ta ofis ku biyu, ba da sigar tuhuma ba. Ki gaya mata yayanta Musulmi ne, ta yi masa addu'a, ta yi masa sadaka. Kada ki ce mata rashin imani ne ke sa damuwa. Annabi Yaƙuba ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. In kin ga ba ta barci, ba ta cin abinci, ko tana ambaton mutuwa, kada ki riƙe sirrin. Ki je wurin mahaifiyarta a ranar, a kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa, a haɗa da addu'a, kada a tsaya kan ruƙiyya kaɗai. Masu hali kan ɓoye irin wannan don gudun bakin mutane, saboda haka ki je da shirin za a ce miki lafiyarta ƙalau. Kada hakan ya sa ki janye.

Wallahu a'alam.