Ku tambaya mu amsa: in agogon na'ura ya rikice

Salamu alaikum malam. Ina da butik nan Tawa kusa da babbar kasuwa, na sa kamara huɗu da akwatin nan mai ajje bidiyo da ake ce ma DVR. To duk sadda kuran ya tahi ya dawo sai kwanan wata ya koma 01-01-2000 ƙarfe sha biyun dare, yaron shago ya gyara gobe a sake ɗauke wuta ya koma gidan jiya. Satin da ya wuce an ɗauke mani katon guda na madara na zo neman bidiyon ranar Laraba ban ganshi ba ko kaɗan. Mai gyara ya ce sai dai in sayi sabo. Mutuwa ya yi ko mi?
Mai butik, Tawa

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ka riƙe kuɗinka tukuna, akwatin nan da ransa. In ka zare wayar wuta ka kwance murfin za ka ga wata 'yar pil mai faɗi kamar dala guda ta ƙarfe a manne kan allon, an rubuta CR2032 ko CR1220 a bayanta, bolt 3 gare ta. Ba ta da wani aiki sai ciyar da ɗan agogon da ke ciki lokacin da babu kuran, shi kuwa agogon nan ba ya barci ko an kashe na'ura. Ranar da pil ɗin ta mutu, to daga an ɗauke wuta ƙirgen ya tsaya, in ta dawo ya fara daga ranar da kamfani ya sa mai. Naka 2000 ne, wasu kuma 1 ga Janairu 1970 suke komawa saboda daga nan Linux, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, ke fara ƙirga daƙiƙoƙinsa, kuma akasarin akwatunan nan Linux ne a cikinsu ko ba a rubuta a kwali ba.

Ka sa a auna ta da mita, sabuwa takan ba da 3 da ɗan ɗoriya, in ka ga ta faɗo ƙasa da 2.5 ta gama aiki. Ka ɗauki tsohuwar a aljihu ka je da ita kasuwa don kar a haɗa ka da wata lamba, kuma don Allah ban da wadda ta shekara a tire tana shan ranar Tawa, na sha ganin an sa "sabuwa" bayan wata biyu ciwo ya dawo. Gefen da ke da alamar + shi ke kallon sama a yawancin gurbi. In kuma ka tarar an like ta da dalma to nan kam aikin mai gyara ne, ya nemo mai ƙafafu ya sa, kar ya ɗora ƙarfe mai zafi kan jikin pil kai tsaye don tana iya fashewa.

Maganar madara kuwa, ina kyautata zaton bidiyon na nan, sunansa ne ya sauya. Kai Laraba kake nema, shi kuwa akwati a wajensa ranar nan 1 ga Janairu 2000 ce, can ya ajje shi. Ka je wajen bincike ka sa wannan kwanan wata, ka tuna ƙarfe nawa wuta ta dawo ran nan, wannan shi ne 00:00 ɗinsa, sai ka ƙirga awanni daga nan. Za ka sha wuya kaɗan tunda ranaku da yawa sun taru kan kwana ɗaya amma kayan da ke jikin yaronka da hasken rana za su taimaka ma. Yi maza ka kwashe a kile USB yau ɗin nan, faifan da ke cikin akwatin in ya cika kan tsofaffin bidiyo yake bi ya rubuta.

Ina kwana malam. Ni sakatariya ce a wata lekol mai zaman kanta a Yamai, muna da na'urar dangwala yatsa ta shigowa aiki. Tun ƙarshen watan Maris ta wuce gaba da awa guda cif, wanda ya zo 7:30 sai ta rubuta 8:30, malamai duk sun ɗauke mani gaisuwa wai ni na taɓa. Na mayar da hannu har sau uku washegari ta koma.
Sakatariya, Yamai

Lafiya lau Malama, ki gaya musu hannunki fes yake, laifin Faransa ne. Da kika ce awa guda cif kuma ƙarshen Maris ai kin gama ba ni amsa. Mu a Nijar lokacinmu GMT+1 ne rani da damina ba ma taɓa shi. Su ma Faransa GMT+1 suke a lokacin sanyi, shi ya sa mai haɗa na'ura in ya buɗe jerin garuruwa ya ga Paris kusa da +1 sai ya danna ya wuce, kuma komi ya tafi daidai har wata biyar. Amma ranar Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi. Na'urarki bin su take tsakani da Allah.

Ki shiga wajen saita lokaci ki nemi inda aka sa heure d'été ko DST, wato wannan tura agogon gaba, ki kashe shi, wajen fuseau horaire kuma ki zaɓi Niamey, in babu ki ɗauki Lagos duk ɗaya ne. Abin da ya sa gyaran hannu bai zauna ba, wani ne ke sake ba ta lokaci, ko intanet ta hanyar NTP, wato tsarin da na'ura ke ɗauko lokaci daga intanet da kanta, ko kuma kwamfutar ofis ɗin da ke kwasar sunaye, don haka ita ma kwamfutar a duba ta in ba haka ba gobe da safe za ta sake tura mata na Paris. Wanda kuma tasa ta wuce da awa bakwai daidai, wannan tana nan kan lokacin Sin na GMT+8 yadda ta fito daga kwali.

Malam nawa akwatin kamarar ba ya komawa 2000, sai dai yana ja baya kaɗan kaɗan, wata uku minti uku zuwa huɗu. Pil ce ita ma?
Wani mai karatu, Yamai

A'a ɗan'uwa, wannan halin agogon ne. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa kusa da pil ɗin, kiristal ne a ciki mai kaɗawa sau 32768 a daƙiƙa, da shi ake ƙirge. Irin na arha kuskuren kusan minti ɗaya a wata ba abin mamaki ba ne gare shi, kuma an yanka shi ne don digiri 25, in ɗaki ya kai 45 irin na watan Afrilu ƙarƙashin kwano sai ya ƙara ja baya da sama da daƙiƙa guda kullum. In akwatin na kan intanet ka kunna NTP ka rubuta pool.ntp.org a wajen sabar, zai riƙa gyara kansa. In babu intanet sai ka riƙa daidaita shi da tarho ɗinka duk farkon wata, ka kuma sauke shi daga saman firijin nan in can ka ɗora shi.