Mac Pro mai siffar gwangwani: shin kafofin Thunderbolt shida sun maye gurbin katunan ciki?

Tambaya: Ina aikin tace bidiyo da tsohuwar Mac Pro ta 2012, babbar nan mai kamar akwati. A cikinta akwai faifan ajiya huɗu da katin ɗaukar bidiyo. An kawo mini ta 2013 ta hannu, ƙarama baƙa mai kamar gwangwani, mai sayarwa ya ce kafofin Thunderbolt (kafofin haɗa na'urorin waje masu sauri) shida da ke bayanta sun wadatar da duk abin da zan haɗa. Gaskiya ne? Ina zan kai katina da fayafayaina?

Amsa: Malam, mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba, amma bai faɗa maka duka ba. Kafofin shida ne a ido, hanyoyin da ke ciyar da su kuwa uku ne kacal, kuma a nan lissafin yake.

A injin da ke gabanka akwai guraben PCIe huɗu, wato inda ake soka katunan ciki, biyu masu layi 16, biyu masu layi 4, sai ɗakunan faifai huɗu da na DVD biyu. Ba shi da Thunderbolt, ba shi da USB 3. Wadda aka kawo maka, da ta fito kasuwa a Disamba 2013, Apple ta kwashe duk wannan daga cikinta. Tsayinta santimita 25 ne, nauyinta kilo 5, fanka ɗaya tal ke shayar da ita iska. Babu gurbin kati ko ɗaya, babu ɗakin faifai. A madadinsu an ba ka Thunderbolt 2 guda shida, USB 3 huɗu, kafar Ethernet biyu da HDMI ɗaya. Wato duk abin da a da yake zaune a ciki, yanzu zai fito ya zauna a kan teburinka da wayarsa da filoginsa.

Yadda aka raba hanyoyin shi ne abin da yawancin masu ita ba su sani ba. Furosesar Xeon E5 da ke ciki tana da layukan PCIe 40. Katunan hoto biyu sun cinye 32, kowanne 16. Takwas ɗin da suka rage, na PCIe 3.0 ne mai kusan ninkin gudun 2.0, su ake rabawa kwantirolan Thunderbolt uku, kuma kowane kwantirola yana riƙe da kafa biyu. Idan ka fuskanci bayan injin, kafofin jere biyu ne, hawa uku. Biyu na sama a hagu hanya ɗaya suke bi, biyu na sama a dama hanya ɗaya, biyun ƙasa kuma tare da HDMI hanya ɗaya. Kowace hanya faɗinta layi 4 ne na PCIe 2.0, wato megabait 2,000 a daƙiƙa a kan takarda, a aikace kuma wajen 1,300 zuwa 1,400 za ka gani. Gurbi mai layi 16 na tsohon injinka yana ɗaukar 8,000 a kan takarda. Saboda haka kafa biyu da ke hanya ɗaya ba su ba ka ninki biyu ba, raba abin da ke akwai suke yi.

Wannan na da tasiri kai tsaye a yadda za ka jona kaya. Allon 4K mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana cin fiye da rabin gigabit 20 a daƙiƙa da Thunderbolt 2 ke iya ɗauka, a ɓangaren da bayanai ke fita daga kwamfuta. Idan ka sa akwatin fayafai a hanya ɗaya da shi, karantawa za ta tafi daidai, amma rubutawa za ta yi nauyi, don ita ma fita take yi. Mutum sai ya ɗauka faifansa ne ya gaji, alhali jonin ne ba daidai ba. Abin yi: allo a ɗaya daga kafofin ƙasa, akwatin fayafai a sama hagu, akwatin katin ɗaukar bidiyo a sama dama. Kada ka dogara da HDMI don allon 4K, domin samfurin 1.4 ne, sau 30 kawai yake kai wa a daƙiƙa, za ka ga linzami yana tafiya da ɗingishi. Waya daga Mini DisplayPort zuwa DisplayPort ita ce daidai.

Kafofin USB huɗun su ma layi ɗaya na PCIe 2.0 suke rabawa, megabait 500 gaba ɗayansu. SSD guda ya isa ya cika shi. Ka bar su wa allon rubutu, linzami da makarancin katin kyamara.

To katinka fa? Zai shiga akwatin faɗaɗawa na Thunderbolt, irin waɗanda Sonnet da OWC suke yi, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, manhajar da ke tuƙa katin dole ta zama an rubuta ta don aiki ta Thunderbolt. Ka duba jerin katunan da mai akwatin ya amince da su kafin ka biya kuɗi, don katin da ya yi shekaru yana aiki lafiya a gurbin ciki yana iya ƙin bayyana sam a cikin akwati. Na biyu, ko katin mai layi 8 ne, layi 4 zai samu. Ga ɗaukar bidiyon HD, ko 4K da aka matse, wannan ba matsala ba ne: ProRes 422 HQ, tsarin matse bidiyo na Apple, na 4K a hoto 30 wajen megabait 110 ne a daƙiƙa, hanya ɗaya za ta ɗauki da yawa irinsa. Inda ake cin karo da bango shi ne bidiyon da ba a matse ba, ko tarin SSD masu gudu.

Fayafayanka huɗu za su koma akwati mai ɗaki huɗu. Faifai masu juyawa huɗu ko an haɗa su wuri ɗaya ba za su cika hanyar ba, don haka ba ka yi asarar gudu ba. Sai dai ka kwafe komai zuwa wani wuri kafin ƙaura, domin akwatin da ke da nasa tsarin RAID, mai haɗa fayafai su yi aiki kamar ɗaya, zai nemi goge fayafayan kafin ya karɓe su. Akwatunan Thunderbolt 2 sababbi sun yi wuya yanzu. Na Thunderbolt 3 suna aiki ta adaftar Apple, wadda ke aiki ta kowane ɓangare, amma ba ta wuce da wuta, don haka sai akwati mai nasa filogi. Kuma na'urar da USB-C ce zalla ba za ta yi aiki ta cikinta ba ko da bakin ya shiga.

Batun filogi ba ƙarami ba ne a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. A tsohon injin, UPS ɗaya ya rufe komai, tunda fayafayan na ciki ne. A sabon tsarin, idan kwamfutar na kan UPS amma akwatin fayafai na jone a bango, ɗaukewar wuta daidai take da fizge faifai ana tsakiyar rubutu. Kowane akwati sai ya hau UPS, ka kuma ƙara nasu cin wutar a kan wat 450 na injin kafin ka zaɓi girmansa.

A ciki, abu uku ne ke canzuwa. RAM na da gurbi huɗu na DDR3 ECC, Apple ta ce gigabait 64. 128 na aiki amma gudunsa na sauka. SSD guda ne mai baki na musamman, ana iya sa SSD irin na NVMe da ƙaramar adafta muddin an riga an sabunta injin zuwa macOS High Sierra ko sama da ainihin SSD ɗinsa a ciki. Furosesa ma tana fita, har mai ƙwaya 12, sai dai aikin na buƙatar warware injin kusan duka.

Wanda ba ya canzuwa shi ne ya kashe wannan ƙira: katunan hoto. FirePro D300, D500 ko D700, duk wanda ya zo da shi, da shi zai tsufa, domin allunan na musamman ne kuma ba a taɓa fitar da sababbinsu ba. An gina injin a kan zaton cewa aiki zai rabu tsakanin matsakaitan katuna biyu, sai masu rubuta manhaja suka karkata ga babban kati ɗaya mai zafi, wanda sanyayawar gwangwanin ba za ta iya da shi ba. Shugabannin Apple da kansu sun amsa haka a gaban 'yan jarida a Afrilu 2017, kuma a 2019 suka dawo da akwati mai gurabe takwas. Katin hoto na waje kuwa, Apple ta amince da shi ne ta Thunderbolt 3 kawai. Masu sa shi a wannan injin da dabarun da ba na hukuma ba suke yi, kuma ta layi 4 ɗin nan zai bi. Tsohon injinka, duk da shekarunsa, yana karɓar kati irin Radeon RX 580 a gurbinsa kai tsaye.

A ganina, idan katinka na cikin jerin da ke aiki ta Thunderbolt, aikinka bai wuce ProRes ba, kuma manhajar tacewarka na gudana a Monterey, wanda shi ne macOS na ƙarshe da injin ke karɓa a hukumance, za ka iya zama da ita. Amma ka haɗa kuɗin akwati biyu, wayoyin Thunderbolt, adafta da ƙarin UPS a kan farashin da aka yi maka, sannan ka kwatanta da kuɗin sa wa tsohon injin SSD na NVMe a kan katin PCIe, katin USB 3 da sabon katin hoto. Sau da yawa na biyun ya fi araha. Idan duk da haka ka yanke saye, ka sa ta fitar da bidiyo mai nauyi na aƙalla rabin awa a gaban mai sayarwa, ka lura ko layuka za su bayyana a hoto ko allo ya daskare, don alamar katin hoto ya fara lalacewa ke nan. Sannan ka gwada kafofin shida ɗaya bayan ɗaya da faifai guda.