Amsa kan nauyin kan babur mai akwatin gefe

Malam, ciwon kafaɗar da ka ce kana sha tsakanin Jidda da Madina tun da ka ɗaura akwatin gefe, wato ɗan keken nan mai taya ɗaya da ake haɗa wa babur a gefe, dalilinsa babur ya daina kwanciya a kwana, da ƙarfin damtse kake juya shi. Nauyin yana zuwa ne daga tazarar da ke tsakanin inda layin wuyan babur ya sauka ƙasa da inda tayar gaba ke taɓa kwalta. A babur zalla tazarar takan kai santimita 10, mai akwati rabin haka ya ishe shi, sai bakanike ya sauya ƙarfen wuyan, tayar ta matsa gaba.

Kafin ka kashe riyal, duba iskar taya, ka sa faffaɗan kai, tayar akwatin kuma ta ɗan kalli ciki. Don Allah bayan gyaran wuyan kada ka hau shi babu akwatin, akwai haɗari.