Cikina wata shida, farin ruwa ya hana ni sakat

Assalamu alaikum Anti. Cikin fari ne da ni, wata shida ke nan. Tun yana wata uku nake ganin farin ruwa a wandona, ba wari, ba ƙaiƙayi, sai dai yawa. Yayata ta ce sanyi ne, in riƙa tsarki da ruwan bagaruwa da kanumfari, in ɗiga Dettol. Maƙwabciyata kuma ta kawo min matsi, ta ce in haɗa da kafso daga kemis. Na fara bagaruwar, yanzu wurin har raɗaɗi yake min. Kunya ta hana ni gaya wa nas ranar awo. Zai taɓa abin da ke cikina?

Mai cikin fari, Zariya

Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ki ajiye bagaruwar da Dettol ɗin tun yau, matsin kuma ki yi godiya ki mayar.

Yadda kika kwatanta ruwan nan, bai yi kama da sanyi ba. Gaban mace yana da ƙwayoyin halitta masu amfani, likitoci suna kiransu Laktobasilus. Su ke sa wurin ya yi ɗan tsami, tsamin nan kuwa shi ke hana miyagun ƙwayoyin cuta zama. Idan ciki ya shiga, wani sinadarin jikin mace mai suna istirojin yana ƙaruwa, ƙwayoyin su samu abinci su yawaita, ruwan ma ya ƙaru. Bakin mahaifa kuma ya toshe da wata majina mai kauri. Duk kariya ce Allah ya yi wa jaririn. Wanke cikin gaba da magani ko shan kafso barkatai ƙwayoyin nan masu gadi yake kashewa, daga nan sanyin gaske ya samu ƙofa. Yayarki alheri take nufi, amma kayan matan nan ba na mai ciki ba ne.

Ruwa zalla ya isa, daga waje kawai, daga gaba zuwa baya. Ki sa wandon auduga.

Idan ruwan ya koma ruwan toka mai ƙarnin kifi, ba abin wasa ba ne, yana iya jawo haihuwar bakwaini, amma akwai maganinsa a asibiti. Idan ya yi gudaji kamar kindirmo da ƙaiƙayi, wannan daban ne, maganinsa ma daban, shi ya sa ba a yi masa cinke a kemis.

Raɗaɗin nan ki gaya wa nas cikin satin nan, har da abin da kika sa. Wallahi kafin azahar ta ji irinsa daga mata da yawa. In kuwa kika ga jini, ko zazzaɓi, ko ruwa ya ɓalle miki, ko da tsakar dare ne a kai ki asibiti.