Me ya sa 'yan jam'iyya ɗaya suke yi wa juna tonon silili a zaɓen fidda gwani na Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai bibiyar siyasar Amurka ne daga nan Kano. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, duk lokacin da ake zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, sai ka ji manajan kamfen ɗin wani ɗan takara ko mashawarcinsa ya fito yana ragargazar wani ɗan takarar, alhali jam'iyyarsu ɗaya. Da na ɗauka mu kaɗai ke da sojojin baka, ashe su ma suna da nasu. Shin uban gidan ne yake tura su, ko gaban kansu suke yi? Kuma ba sa tsoron su raunata jam'iyyarsu kafin babban zaɓe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwatancen da ka yi da sojojin baka bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai akwai bambanci. Sojan baka bakinsa ne jarinsa, a saya masa fili a rediyo ya shiga ya yi ta ruwan kalamai. Wanda kake magana a kansa shi ne mai zama a ofis yana yanke shawarar wane rauni za a taɓa a jikin abokin hamayya, a wace jiha, a wace rana, kuma ta bakin wa. Sau da yawa ma ba shi ne yake fitowa ba. Ranar da ka ji muryarsa da kansa, to ko dai an riga an lissafa abin, ko kuma baki ne ya suɓuce.

Dalilin da ya sa abin yake zafi a fidda gwani shi ne, a babban zaɓe jam'iyya tana yi wa ɗan takara rabin aiki, domin mai zaɓe ya riga ya san inda Dimokurat ta tsaya da inda Rifablikan ta tsaya. A cikin gida kuwa manufofin 'yan takara kusan ɗaya ne. Hillary Clinton da Barack Obama a 2008, in ka cire ƙuri'ar da Clinton ta kaɗa a 2002 ta amincewa da yaƙin Iraƙi da ɗan saɓani kan inshorar lafiya, ba su da wani babban abin da ya raba su. Idan manufa ba ta raba mutum biyu ba, abin da ya rage shi ne halinsu da tarihinsu da asalinsu. Ga shi kuma ba daliget ƙalilan ake lallashi a ɗakin otal ba, miliyoyin mutane ne suke jefa ƙuri'a jiha bayan jiha, tun daga Iowa da New Hampshire a farkon shekara har zuwa watan Yuni. Wanda ya yi tuntuɓe a jihohin farko, masu ba da kuɗi sukan janye masa, shi ke nan tafiyarsa ta ƙare. Saboda haka kowane sansani yana da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai tono tsofaffin jawabai da takardun kotu da na haraji na abokan hamayya.

Amma tambayarka ta ko uban gida ne ke turawa, amsar ita ce an tsara abin ne yadda ba za a iya kama shi ba. Shi ɗan takara ana so ya fito fes, yana maganar haɗin kai da makomar ƙasa, wasu kuma su ɗauki ƙazantar. In harin ya ci, ya amfana. In ya juyo, sai a ce wane ya yi gaban kansa, a karɓi takardar murabus ɗinsa. Doka ma ta taimaka wa wannan tsari ba da niyya ba. Tun 2002 aka wajabta wa ɗan takara ya faɗa da bakinsa a cikin tallansa cewa ya amince da saƙon, don ya ji kunyar yin ƙarya. Sai hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 ya buɗe ƙofar kwamitocin da ake kira Super PAC, masu tara kuɗi ba iyaka, waɗanda a takarda ba su da alaƙa da ɗan takara. Tallan da ya fi muni yanzu daga can yake fitowa, uban gida kuma ya ce shi ma a talabijin ya gani.

Bari in ba ka labarin da nake yawan komawa gare shi. A watan Agustan 1987, Joe Biden yana neman tikitin Dimokurat, ya rufe wata muhawara a Iowa da jawabi mai ratsa zuciya kan yadda ya zama na farko a danginsa da ya shiga jami'a, da kakannin da suka yi aikin haƙar kwal. Ashe kalaman na Neil Kinnock ne, shugaban jam'iyyar Leba ta Birtaniya. Biden ya saba ambaton sunansa a wasu wuraren, amma ran nan bai ambata ba. John Sasso, manajan kamfen ɗin Michael Dukakis, gwamnan Massachusetts wanda shi ma yake neman tikitin, ya sa aka haɗa jawaban biyu a kaset ɗin bidiyo guda, ga Kinnock ga Biden, aka miƙa wa 'yan jarida a ɓoye. Kafin Satumba ta ƙare Biden ya janye. Da farko zargi ya faɗa kan sansanin wani ɗan takarar, Richard Gephardt, wanda bai ji ba bai gani ba, Dukakis kuma ya fito ya ce ba mutanensa ba ne. Da gaskiya ta fito, Sasso ya ajiye aiki. Ka lura, babu ƙarya ko ɗaya a cikin kaset ɗin nan. Laifinsa shi ne ɓoye hannu da barin wani ya ɗauki zargi.

Yanzu ka ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Carolina ta Kudu a 2000. A fidda gwanin Rifablikan, John McCain ya kayar da George W. Bush a New Hampshire da tazarar kusan maki 18, aka nufi kudu, kowa ya san wanda ya faɗi a nan ya gama. Sai wayoyin mutane suka fara ƙara a gidajensu. Mai kiran ya ce yana jin ra'ayin jama'a ne, sai ya tambaya: da za ka san McCain ya haifi 'ya da wata baƙar fata ba tare da aure ba, za ka zaɓe shi? Ba amsa yake nema ba, so yake maganar ta kwana a kunnen mai sauraro. An kuma raba takardu a wuraren ajiye motoci na majami'u. Gaskiyar lamarin ita ce, yarinyar da ake gani tare da iyalin McCain marainiya ce da matarsa Cindy ta ɗauko daga gidan marayu a Bangladesh a 1991, suka riƙe ta a matsayin 'ya. Bush ya ci jihar da kashi 53 cikin 100, McCain ya samu 42. Sansanin Bush da babban mai tsara masa dabaru, Karl Rove, sun musanta hannu a ciki, kuma har yau ba a kama kowa ba.

Wannan ne yake ci mini rai a harkar nan. Wanda ya fito da gaskiya mai shaida ya rasa aikinsa, wanda ya yi ƙage a kan marainiya bai rasa komai ba, don kawai bai bar sawu ba. Shi ya sa ba na yarda a zuba duk hare-haren nan a kwando ɗaya a ce yarfe ne. Tono abin da mutum ya yi da kuɗin jama'a, ko yadda ya kaɗa ƙuri'a a majalisa, ko inda ya faɗi magana biyu, haƙƙin masu zaɓe ne su sani, kuma gara jam'iyya ta gano shi a watan Maris da ta gano shi a Oktoba, gab da babban zaɓe. Taɓa launin fata da addini da 'ya'yan mutum wani abu ne daban.

Zaɓen 2008 ya tara duka nau'o'in. A Maris 2007 Mark Penn, babban mai tsara wa Clinton dabaru, ya rubuta mata takardar sirri yana cewa ƙuruciyar Obama a Indonesiya da Hawaii rauni ce, domin saiwarsa a al'adun Amurka ba ta yi zurfi ba. Clinton ba ta ɗauki shawarar a fili ba, takardar kuma sai a 2008 mujallar The Atlantic ta bankaɗo ta. A Disamba 2007 Bill Shaheen, ɗaya daga cikin jagororin kamfen ɗinta a New Hampshire, ya tayar da maganar ƙwayoyin da Obama ya taɓa sha yana matashi, abin da Obama da kansa ya riga ya rubuta a littafinsa. Shaheen ya sauka, Clinton ta ba Obama haƙuri. A Fabrairu 2008 sai ga hoton Obama sanye da farin rawani da kayan dattawan Somalawa, wanda aka ɗauka a Wajir ta ƙasar Kenya a 2006, ya bazu ta shafin Drudge Report, wanda ya ce daga ma'aikatan Clinton ya fito. David Plouffe, manajan Obama, ya zarge su da tsorata jama'a, su kuma suka musanta. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda rawani, da mu a nan alamar girma ce, ya zama abin da ake jifan mutum da shi. Ɓangaren Obama ma ba su tsira ba: a Maris Samantha Power, mai ba shi shawara kan harkokin waje, ta kira Clinton dodo a hira da jaridar The Scotsman, ita ma ta ajiye muƙami.

Sai batun raunata jam'iyya. Tsoronka yana kan hanya, domin makamin da ɗan gida ya ƙera, abokin gaba ne yake gadonsa. A Afrilun 1988 Al Gore, ɗan jam'iyyarsu da suke neman tikiti tare, shi ne ya fara tayar wa Dukakis da maganar shirin jihar Massachusetts na ba fursunoni hutun ƙarshen mako. Da Dukakis ya samu tikitin, Lee Atwater, manajan George Bush babba na Rifablikan, ya ɗauki zaren, sunan Willie Horton, fursunan da ya aikata mummunan laifi yayin irin wannan hutu, ya cika ƙasa, Dukakis ya faɗi a jihohi 40 a babban zaɓe. Atwater ya nemi gafararsa kafin ya rasu a 1991 yana da shekara 40. Haka nan tallan Clinton na wayar da ke ƙara a Fadar White House da ƙarfe uku na dare, mai tambayar wa kake so ya ɗaga, ya taimaka mata a Ohio da Texas, amma a watan Agusta sansanin McCain, wanda ya zama ɗan takarar Rifablikan a shekarar, ya ɗauko shi ya harbi Obama da shi. Duk da haka Obama ya ci zaɓe, don haka rauni ne da akan warke daga gare shi in an yi saurin ɗinke ɓaraka.

Su kuwa manyan suna da saurin ɗinkewa. Clinton ta janye ranar 7 ga Yuni, kafin wata ya ƙare ita da Obama suka hau mumbari ɗaya a wani ƙaramin gari mai suna Unity a New Hampshire, inda kowannensu ya samu ƙuri'a 107 a fidda gwani. Ta zama sakatariyar harkokin wajensa. Samantha Power ta zama jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013. Sasso ma Dukakis ya dawo da shi bayan shekara guda. McCain ya yi wa Bush kamfen a 2000, ya sake yi masa a 2004. Ita kuwa yarinyar nan da iyalin McCain suka riƙe ba ta cika shekara goma ba lokacin da ake kiran gidajen mutane a kanta, iyayenta kuma suka ɓoye mata. Sai da ta zama budurwa, wata rana ta rubuta sunanta a intanet, ta ga abin da aka faɗa.